Ciwo mai daɗewa bayan tiyatar ƙirji: magungunan da ke rage haɗarinsa da waɗanda ya kamata a kiyaya

Tiyatar ƙirji na cikin ayyukan asibiti da suka fi barin majinyaci da ciwo mai daɗewa. Rauni ya warke, an cire zare, hoto ya nuna huhu ya koma daidai, amma bayan wata da watanni mutum yana jin zogi a kan tabon, ko zafi kamar na wuta, ko suka mai tashi daga baya ta zagayo ƙarƙashin nono. Wani ko gogar riga ba ya iya jurewa a wurin. Ƙungiyar nazarin ciwo ta duniya, IASP, a da tana ɗaukar lamarin a matsayin cuta mai zaman kanta idan ciwon ya kai wata biyu bayan aiki. Kundin rabe-raben cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda sabon bugunsa ya fara aiki a 2022, ya sa iyakar a wata uku.

Likitoci sun daɗe da sanin matsalar. Tun a 1944 wasu likitocin sojan Amurka biyu, Blades da Dugan, suka bayyana ta a jikin sojojin da aka yi wa aikin ƙirji lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A 2014 masu bincike na Jami'ar Iowa, Bayman da Brennan, suka tattara nazarce-nazarcen da aka yi, suka gano cewa kashi 57 cikin ɗari na waɗanda aka buɗe wa ƙirji suna da ciwo bayan wata uku, kashi 47 kuma bayan wata shida. Ga mafi yawansu ciwon mai sauƙi ne, yana raguwa da kansa. Amma kusan mutum ɗaya cikin goma yakan tsananta masa har ya hana shi barci da sana'a.

A ƙasashen Turai da Amurka kansar huhu ce ta fi kai mutane ga wannan tiyata, kuma galibinsu tsofaffi ne. A arewacin Najeriya abin ya bambanta. Abubuwan da suka fi jawo ta su ne taruwar mugunya a ƙirji bayan ciwon huhun da ba a yi wa magani da wuri ba, ɓarnar da tarin fuka ke yi wa huhu, haɗarin mota da babur, da raunin wuƙa ko harsashi. Da yawa daga majinyatan yara ne da matasa masu jini a jika. Mutumin Machina, a kan iyakar Jihar Yobe da Jamhuriyar Nijar, idan irin wannan ta same shi, Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Nguru ce babban asibitin da ya fi kusa da shi. Idan bututun da ake sa wa a ƙirji don zuƙe mugunya ko jini bai wadatar ba, akan tura shi asibitin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Maiduguri. Bayan sallama zai koma gida mai nisan tafiyar sa'o'i daga likitan da ya yi masa aiki, ya koma ga fartanya ko komar kamun kifi a fadamar Hadejiya da Nguru, ayyukan da duka da ƙarfin ƙirji da kafaɗa ake yin su.

Yadda ciwon ke kafuwa

Ɗan Adam yana da haƙarƙari goma sha biyu a kowane gefe, kuma a ƙarƙashin kowanne akwai jijiyar ji da ta taso daga laka ta bi shi har gaban ƙirji. Likita yakan shiga ne ta tsakanin haƙarƙari na biyar da na shida, ya sa ƙarfen da ke buɗa su don ya kai ga huhu. Ƙarfen yana danne jijiyar tsawon aikin, zaren da ake ɗaure haƙarƙarin da shi wajen rufewa ma yana iya matse ta. Ko bututun zuƙe ruwa kaɗai yana iya gurzar ta. Jijiyar da ta ji rauni takan riƙa aika saƙon zafi ko da ba abin da ya taɓa ta. Ga shi kuma ƙirji ba ya hutawa kamar ƙafar da aka ɗaure: mutum yana numfashi wajen sau 20,000 a yini, kowane numfashi yana motsa raunin.

Sashe na biyu na matsalar yana cikin lakar kanta. A 1983 masanin jijiyoyi Clifford Woolf ya nuna cewa idan saƙon zafi mai ƙarfi ya yi ta kwarara cikin laka, ƙwayoyin da ke karɓarsa sukan canza, su riƙa ƙara wa ƙaramin taɓi girma har ya zama raɗaɗi. A 1996 wani bincike da Joel Katz da abokan aikinsa suka yi a Toronto ta Kanada ya nuna cewa waɗanda suka fi shan azaba a kwanakin farko bayan tiyatar ƙirji su ne suka fi zama da ciwo bayan shekara ɗaya da rabi. Daga nan tunanin rigakafi ya samo tushe: a toshe saƙon tun kafin ya isa laka. Wannan ya sa dauriya, wadda al'adarmu ke yabawa, ba ta da wurin zama a ɗakin jinya. Majinyacin da ya cije ya ce wa ma'aikaciyar jinya “da sauƙi” alhali ba ya iya tari saboda zafi, kaki zai taru masa a huhu, kuma yana ƙara wa kansa haɗarin ciwo mai daɗewa.

Abin da bincike ya nuna game da magunguna

Hujja mafi ƙarfi tana tare da allurar kashe jijiya. Likitan sa barci yana zura siririn bututu a gadon baya kusa da laka, abin da ake kira efidural, ya riƙa ɗura maganin kashe wuri irin su bufibaken tun kafin a fara yanka har kwana biyu ko uku bayan aiki. Bitar da cibiyar Cochrane ta fitar a 2018 ta kiyasta cewa cikin kowane mutum bakwai da aka yi wa haka, za a tsirar da ɗaya daga ciwo mai daɗewa. Adadin ba mai ban mamaki ba ne, kuma gwaje-gwajen da aka dogara da su ƙanana ne, amma babu wani magani da ya kai shi hujja. Hanyar tana iya saukar da hawan jini ƙasa da ƙima, ba a kuma yin ta ga mai shan maganin tsinka jini ko mai ƙurji a wurin allurar, sannan tana buƙatar ma'aikatan da za su sa ido dare da rana.

Akwai makwafinta, wato allurar gefen ƙashin baya, wadda ke kashe jijiyoyin gefen da aka yi wa aiki kaɗai. Wajen rage zafin kwanakin farko tana kusa da efidural, kuma ba ta cika saukar da jini ba. Likitan tiyata da kansa yana iya sa bututunta da idonsa kafin ya rufe ƙirji, abin da ke da muhimmanci a asibitin da likitocin sa barci ba su da yawa.

Ketamin sananne ne a ɗakunan tiyata na ƙananan asibitocinmu, domin da shi ake sa barci inda babu manyan na'urori. Idan an ba da shi kaɗan ta jijiyar jini, yana toshe ƙofar da lakar ke bi wajen ƙara wa zafi girma. Bitar Cochrane ta 2013 ta ga ɗan amfani a tiyata gaba ɗaya, amma gwaje-gwajen da aka yi a kan aikin ƙirji kaɗai ba su tabbatar da cewa yana hana ciwon wata shida ba. Yana rage buƙatar mofin, yana kuma iya sa majinyaci gane-gane da sambatu.

Gabafentin da firigabalin su ne aka fi sa wa rai, aka kuma fi jin takaicinsu. An yi shekaru ana ba da su kafin tiyata a matsayin rigakafi. A 2020 wata bita da ta haɗa gwaje-gwaje 281 ta nuna ba sa rage zafin bayan aiki yadda majinyaci zai ji bambanci, ba sa hana ciwo mai daɗewa, sai jiri da dishi-dishin gani da suke ƙarawa. Tun a Disambar 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa suna iya danne numfashi, musamman idan an haɗa su da dangin mofin ko ga mai ciwon huhu, wanda kuwa shi ne ainihin majinyacin da ake magana a kansa. Suna da amfani wajen jinyar ciwon jijiya da ya riga ya kafu, haka ma amitiriftilin, amma da takardar likita, ana farawa da kaɗan.

Farasitamol da dangin daikilofenak da aibufurofen su ne tushen maganin yau da kullum bayan aiki, kuma sun fi aiki idan ana shan su a kan lokaci, ba sai zafi ya taso ba. Mofin yana da wurinsa a kwanakin farko a hannun ma'aikatan asibiti. Duk waɗannan suna sa mutum ya iya numfashi mai zurfi, ya yi tari, ya tashi ya taka, amma babu hujjar cewa ɗayansu shi kaɗai yana hana ciwon daɗewa.

Inda yanayin arewacin Yobe ya shigo

Gashua da ƙauyukan ƙasar Bade sun shafe shekaru suna fama da yawaitar ciwon ƙoda, har gwamnatin jihar ta sa masana su binciki musabbabinsa. Wannan ya sauya lissafin maganin ciwo a yankin. Daikilofenak da aibufurofen suna rage jinin da ke shiga ƙoda, kuma illarsu tana ƙaruwa ga wanda jikinsa ya bushe, abin da ba wuya a watannin bazara da zafi ke haura digiri 40, ko ga mai azumi. Ciwon ƙoda kan daɗe bai nuna alama ba, don haka mutum na iya ɗauke da shi bai sani ba. Wanda aka sallama da ciwon haƙarƙari ya mayar da daikilofenak ɗin kemis abincinsa na wata uku, yana iya sauya ciwo da mafi muni. Gabafentin da firigabalin ma ta ƙoda suke fita, sukan taru a jikin mai raunin ƙoda su jefa shi magagi. Gwajin ƙoda kafin aiki da kuma kafin rubuta waɗannan magunguna ƙaramin kuɗi ne idan aka kwatanta da wankin ƙoda.

Tiramadol kuwa matsalarsa sananniya ce a Arewa. Hukumar NAFDAC ta amince da mai ƙarfin miligiram 50 da 100 ne kawai. Masu 200 da 225 da ke yawo a hannun 'yan talla haramtattu ne. Ba ya hana ciwon jijiya kafuwa, yana kama jiki, yana jawo farfaɗiya idan an yi yawa, kuma haɗarin na ƙaruwa idan an haɗa shi da amitiriftilin. Matashin da ya fara shan sa don ya iya komawa gona kafin damina ta wuce, abu ne mai sauƙi ya wayi gari ba ya iya aiki sai da shi.

Masu shan maganin tarin fuka suna da nasu abin lura. Rifamfisin yana sa hanta ta gaggauta narkar da tiramadol da mofin, sai ƙarfinsu ya ragu. Magungunan tarin kuma suna wahalar da hanta, don haka iyakar farasitamol ta giram 4 a yini ga babba mai lafiya na iya yi musu yawa, musamman ramammu.

Kafin ranar aiki, majinyaci ko mai jinyarsa yana da haƙƙin ya tambayi likitan sa barci ko za a yi allurar kashe jijiya, da kwana nawa za ta yi. Ya kamata ya faɗi duk abin da yake sha ba ɓoyo, har da tiramadol da jiƙe-jiƙen gargajiya, domin wanda jikinsa ya saba da dangin mofin yana buƙatar wani tsari dabam. Inda ake da kayan tiyatar kyamara, wadda ake yi ta ƙananan huji, zafin kwanakin farko ya fi sauƙi, ko da yake ita ma tana iya barin ciwo mai daɗewa. Lokacin sallama a nemi takardar da ta nuna sunan kowane magani da ranar daina shi, don ma'aikacin lafiya a Machina ko Nguru ya san inda aka tsaya.

Mutuwar fata a gefen tabo da ɗan tsikari abu ne da aka saba gani, yakan ragu cikin watanni. Ciwon da ya lafa sannan ya dawo da ƙarfi dabam ne, musamman idan ya zo da zazzaɓi, rama, tarin jini, ƙarancin numfashi ko ruwa daga tabon. Wannan na iya nufin mugunya ta sake taruwa, ko tarin fuka ya motsa, ko ƙari ya dawo, kuma hoton ƙirji da gwajin kaki yake buƙata kafin a ƙara kowane maganin kashe zafi.