Tarihin Kilo 23: Yadda Awon Kaya A Jirgin Sama Ya Koma Gyara

Yau za mu je filin jirgin sama ne, gaban sikelin da ake auna kaya. Duk wanda ya taɓa tafiya ko ya yi rakiya ya san abin da ke faruwa a wurin. Akwati ya hau sikeli ya nuna kilo 26, ma'aikaciya ta ce kilo 23 aka yarda, sai ka ga dattijo ya durƙusa ya buɗe akwati a gaban jama'a yana zaɓen tsarabar wa zai bari. Can gefe kuma ga wani da akwati uku, ya bi layin da ba cunkoso, ya nuna kati, an karɓi kayansa ba a ce masa uffan ba. Jirgi ɗaya za su shiga, wataƙila ma kujerunsu na jere. To daga ina kilo 23 ya samo asali, kuma me ya sa yake kama wani ya saki wani?

Lokacin da ake auna mutum tare da kayansa

A farkon jigilar fasinja, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, nauyi batu ne na rai da mutuwa. Jiragen ƙanana ne, injinansu ba su da ƙarfi, duk kilon da aka ƙara sai an rage mai ko an rage buhun wasiƙu. Saboda haka fasinja da kansa yake hawa sikeli. Kamfanin Imperial Airways na Ingila, wanda aka kafa a 1924, yana ba kowane fasinja kilo 100 ne, har da nauyin jikinsa. Mai kilo 60 yana da damar kaya kilo 40, mai kilo 90 kuwa sai ya haƙura da kilo 10 ko ya biya ƙari. Wannan kamfani ne ya buɗe hanyar Khartoum zuwa Kano a 1936, kimanin shekara goma bayan jiragen sojan Ingila guda uku sun taso daga Masar sun yi saukar farko a Kano a watan Nuwamba na 1925.

Kilo ya shiga doka a 1929, da ƙasashe suka sa hannu a Yarjejeniyar Warsaw. Ita ce ta ce a ba fasinja takardar shaidar kayan da ya miƙa, ta kuma ƙayyade diyyar kayan da suka ɓata bisa nauyi: faran 250 na zinariya kan kowane kilo, wanda daga baya aka riƙa lissafa shi kusan dala 20. Idan akwatin kilo 20 ya ɓace, diyya ba ta wuce dala 400, ko tsumma ne a ciki ko alharini, sai fa idan mai kaya ya bayyana darajarsu tun farko ya biya ƙari. Sai da aka yi Yarjejeniyar Montreal a 1999 sannan aka mayar da iyakar diyya kan kowane fasinja maimakon kowane kilo.

A 1945 kamfanonin jiragen sama suka kafa ƙungiyarsu ta IATA a birnin Havana. Shekaru da dama a taronta ake yanke kuɗin tikitin ƙasa da ƙasa, gwamnatoci su amince. A nan aka tsayar da awon da iyayenmu suka sani: kilo 30 ga mai tikitin ajin farko, kilo 20 ga na ƙaramin aji. Duk kilo ɗaya da ya ƙaru, kuɗinsa kashi 1 cikin 100 ne na tikitin ajin farko. Wato wanda ya ninka kayansa a ƙaramin aji zai biya ɗaya bisa biyar na kuɗin kujerar manya. Da tsada, amma mudu ɗaya ake auna wa kowa a ajinsa, kuma kuɗin kaya da na abinci duk suna cikin tikiti.

Da manyan jirage suka zo, musamman Boeing 747 da ya fara aiki a 1970, cikin jirgi ya yi faɗi. Amurkawa suka ga ƙirga akwati ya fi tara nauyi sauri, sai hanyoyin da suka shafi ƙasarsu suka koma tsarin akwati biyu, kowanne laba 70, wato kilo 32. Wajen tsakiyar shekarun 2000 kamfanoni suka rage shi zuwa laba 50. Idan aka mayar da laba 50 zuwa kilo, 22.7 ne, aka cike shi ya zama 23. Asalin lambar ke nan. Shi kuwa kilo 32 ya tsaya a matsayin iyakar akwati guda, don kare bayan masu lodi da ke ɗaga ɗaruruwan akwatuna a yini.

Kada mu ɗauka nauyi ya daina zama abin tsoro. A watan Janairu na 2003 wani ƙaramin jirgin kamfanin Air Midwest ya faɗi jim kaɗan da tashinsa daga Charlotte a Amurka, mutum 21 suka mutu. Bincike ya gano kuskure a gyaran jirgin, ya kuma gano lodi ya yi yawa ya rinjaya baya, domin an yi lissafi da tsohon ƙiyasin nauyin mutane da kayansu. Auna kaya dole ne. Amma nawa za a ɗauka kyauta, kuma wa za a ɗaukar wa, wannan ciniki ne yake yanke shi.

Yadda mil ya zama kuɗi

Tun daga 1938 wata hukumar gwamnati ce ke tsayar da kuɗin tikiti da hanyoyin jirage a cikin Amurka. A watan Oktoba na 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta sakar wa kamfanoni mara. Sababbin kamfanoni suka shigo suna karya farashi, tsofaffi suka shiga neman dabarar riƙe fasinjojinsu. Wani ƙaramin kamfani, Texas International, ya fara ba da lada bisa tsawon tafiya a 1979. Amma shirin da ya canza kasuwa shi ne AAdvantage, wanda American Airlines ya ƙaddamar ranar 1 ga Mayu 1981, zamanin Robert Crandall. Cikin 'yan kwanaki United ya fito da nasa, Delta ya biyo baya a shekarar, British Airways ya buɗe Executive Club a 1982.

Dabarar tana da ƙafa uku. Ta farko, American yana da Sabre, babbar kwamfutar ajiye sunayen masu sayen tikiti, don haka ya san su waye ke yawan tafiya. Ta biyu, kujerar da jirgi ya tashi da ita ba kowa ta tafi ke nan, ba a ajiye ta a sayar gobe, saboda haka ba da ita kyauta kusan ba ya cin kamfani komai. Ta uku ita ce mafi wayo. Yawancin masu yawan tafiya ma'aikata ne, ofishinsu ke biyan tikiti, amma sunansu ake rubuta wa mil. Ma'aikaci zai nace sai jirgin da yake tara masa maki ko da ya fi tsada, tun da ba aljihunsa ke kuka ba.

Ba a daɗe ba aka raba membobi hawa-hawa: na azurfa, na zinariya, da na sama da su. A 1987 Citibank ya fitar da katin bashi mai tara mil na American, daga nan mutum ya fara samun mil yana sayen cefane, ko bakin filin jirgi bai je ba. Bankin ne yake sayen mil ɗin daga kamfanin jirgi da kuɗi hannu, ya raba wa masu katinsa. Sai kuma ƙawance ya zo: Star Alliance a 1997, oneworld a 1999, SkyTeam a 2000. Katin zinariya na kamfani ɗaya ya zama yana aiki a jiragen abokan ƙawancensa.

Shekarar da hanyoyin biyu suka haɗu

Har zuwa wannan lokaci labarin kaya daban, labarin mil daban. A 2008 suka haɗu. Man fetur ya yi tashin gwauron zabo, ganga ta kai dala 147 a watan Yuli. Ƙananan kamfanoni masu araha irin su Ryanair a Turai sun riga sun fara karɓar kuɗin akwati tun 2006. A farkon 2008 United ya sa dala 25 kan akwati na biyu. A watan Mayu American ya sanar da dala 15 kan akwati na farko a tafiyar cikin gida, ya zama na farko cikin manya da ya yi haka. Sauran suka bi sahu. Kafin shekarar ta ƙare farashin mai ya faɗi ƙasa warwas, kuɗin akwati kuwa bai sauka ba har yau, ƙaruwa ma yake yi.

Akwai dalilin da ba a cika faɗa ba. A Amurka ana cire harajin kashi 7.5 cikin 100 daga tikitin cikin gida, amma harajin bai shafi kuɗin akwati ba. Duk dalar da kamfani ya ɗauke daga tikiti ya mayar kan akwati ta tsira daga wannan haraji. A 2023 kamfanonin Amurka sun tara sama da dala biliyan 7 daga kuɗin kaya kaɗai. Southwest, wanda ya shekara da shekaru yana tallan akwati biyu kyauta, shi ma ya bi sahu a watan Mayu na 2025.

Abin lura shi ne waɗanda aka ware. Tun sanarwar farko ta 2008, American ya ce masu babban matsayi a AAdvantage ba za su biya ba. A 2010 Delta ya ba masu katinsa na American Express akwatin farko kyauta, katin da ake biya wa kuɗi duk shekara. Mu da muka san kasuwar hatsi mun san gyara: ka sayi mudu goma, mai awo ya ƙara maka tafi ɗaya don gobe ka dawo. Abin da kamfanonin suka yi shi ne sun rage girman mudun kowa, sannan suka ɗebi abin da suka rage suka riƙa ba na gida da sunan gyara. Akwatin da yake haƙƙin duk mai tikiti a 2007 ya zama alfarma a 2008.

Abin bai tsaya nan ba. Da mutane suka guji biyan kuɗin akwati, sai suka riƙa jan kayansu zuwa cikin jirgi, ma'ajiyar saman kujeru ta riƙa cika tun rabin fasinjoji ba su shiga ba. Shiga da wuri ya zama abin nema, sai shi ma aka sa shi cikin alfarmar masu kati, aka kuma riƙa sayar da shi ga mai so.

A 2015 Delta da United suka daina ba da mil bisa nisan tafiya, suka koma bisa kuɗin da aka kashe, American ya bi su a 2016. Mai tikitin araha da ya ratsa duniya sai ya tashi da maki kaɗan, mai tikiti mai tsada na gajeriyar tafiya ya fi shi. Darajar shirye-shiryen ta fito fili da annobar korona ta tsayar da jirage. A 2020 United ya jinginar da shirinsa na MileagePlus ya ci bashin dala biliyan 6.8, Delta ya jinginar da SkyMiles kan biliyan 9, American ya karɓi biliyan 10 a 2021. A lokacin da jirage ke fake ba aiki, kasuwar maki ce masu ba da bashi suka yarda su riƙe.

Inda abin ya shafe mu

Fasinjanmu mai kaya ne. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke zuwa Dubai ko Guangzhou, ɗalibin da ke komawa makaranta da kilishi da yaji, hajiyar da dangi ke jiran tsarabarta, duk kilo suke tambaya kafin su tambayi abincin jirgi. Shi ya sa a hanyoyin ƙasa da ƙasa da ke tashi daga Kano, Abuja da Legas har yanzu ake yawan ganin akwati biyu masu kilo 23 a ƙaramin aji: kamfanin da ya rage zai rasa 'yan kasuwa. Alhazanmu kuma sun shekara da shekaru da jakar kilo 32 da ta hannu mai kilo 8, kuma wannan 32 ɗin ita ce laba 70 ɗin nan ta Amurkawa.

EgyptAir ya shiga Star Alliance a 2008, Ethiopian a 2011, Saudia ya shiga SkyTeam a 2012. Mai katin zinariya a Star Alliance yana samun ƙarin kilo 20 ko ƙarin akwati ɗaya a yawancin tikitoci. Ga ɗan kasuwar da ke tafiya sau shida ko takwas a shekara, wannan kuɗi ne na gaske, kuma rajistar shiga shirin kyauta ce. Ga mai tafiya sau ɗaya a shekara biyu kuwa, biyan tikiti mai tsada don neman matsayi asara ce, domin matsayin yana faɗuwa idan ba a sabunta shi da tafiye-tafiye ba, kuma kamfanin da ke ba da makin shi ne ke da ikon ƙara yawan makin da kujera ke ci duk ranar da ya ga dama.

Tikitin da ba kaya a cikinsa, wanda ya faro a gajerun hanyoyi, ya riga ya shiga dogayen hanyoyin kamfanonin Turai da Amurka. Don haka idan muka ga tikiti biyu, ɗaya ya fi araha, mu fara duba layin da aka rubuta adadin akwati, mu haɗa kuɗin kaya da na kujera, sannan mu san wanne ne mai sauƙin. Masu tafiye-tafiye a cikinmu su faɗa mana nawa aka taɓa cajinsu kan kilo ɗaya, kuma a wace hanya.