Bushewar Ganyen Junifa a Lambunan Gida: Nazari kan Gano Musabbabi da Hanyar Farfaɗowa

Tsakure

Maƙalar ta yi nazarin ciwon itacen junifa a lambunan gida na Birtaniya da gabashin Amurka. Matsayarta ita ce, daga saiwa ya kamata bincike ya fara, domin ganye kan makara wajen nuna alama.

Gabatarwa

Junifa, wato dangin Juniperus, itace ne mai ganye siri-siri kamar allura, kore shar rani da damina. Asalinsa ɗan tudu ne mai son ƙasar tsakuwa, ya kuma saba da ƙishi. A nan gizo ke saƙa: mai lambu kan ga ganye ya yi ja, ya zaci ƙishi ne, ya ƙara ruwa, alhali ruwan ne ajalin itacen.

Ruɓar saiwa

Inda ƙasa ta kasance yumɓu mai riƙe ruwa, saiwa kan rasa iska, ƙwayoyin Phytophthora su samu shiga. Kama da funfuna kawai suke yi, amma halittu ne dabam, masu iyo cikin ruwan ƙasa daga saiwa zuwa saiwa. A shekarar 2011 aka tabbatar da nau'in Phytophthora austrocedri yana kashe junifar daji a Upper Teesdale, arewacin Ingila, shekara huɗu bayan an fara siffanta shi a Patagoniya ta Ajantina. Gwajin gano ruɓar saiwa ba ya buƙatar ɗakin bincike. A tone gindi kaɗan, a kankare ɓawo da wuƙa. Mai lafiya fari ne a ciki, da danshi. Wanda ya kamu kuwa launin kirfa yake yi. Abin takaici, junifa kan yi makonni tana kore bayan saiwarta ta mutu, don haka sau da yawa gawa ake ta ba ruwa.

Cututtukan reshe

Idan saiwa lafiya lau take, sai a duba sama. Funfuna biyu ke busar da kan reshe, ana kuma yawan rikita su. Phomopsis juniperovora sabon toho yake kamawa lokacin laima, daga Afrilu zuwa Yuni, kuma feshin magani mai sinadarin tagulla kan kare tohon da bai kamu ba. Kabatina juniperi ta rauni take shiga reshen bara, alamarta ta bayyana a ƙarshen hunturu. Feshi a nan kusan asarar kuɗi ne. Lokacin bushewar, a ganina, ya fi launin ganye bayar da shaida.

Akwai kuma Oligonychus ununguis, ɗan mitsitsin ƙwaro ɗan'uwan gizo-gizo. A girgiza reshe kan farar takarda. In ɗigo-ɗigo sun motsa, shi ne.

Farfaɗowa

A daina ban ruwa har ƙasa ta sha iska, a janye ƙasar da ta rufe gindi, a fitar wa ruwa hanya. A yanke busassun rassa ranar da babu ruwan sama, a ɗan shiga cikin ɗanyen, a goge almakashi da sifirit bayan kowane yanka, a ƙone abin da aka cire. Sai dai a yi hattara: junifa ba ta sake toho daga tsohon icen da ba ganye, gurbin da aka buɗe haka zai zauna. In ruɓa ta zagaye gindi kaf, tumɓukewa ta rage, kuma kada a sake dasa junifa a ramin, domin ƙwayoyin kan yi shekara da shekaru a cikin ƙasa.