Gidan Tarayya da Ɗakunan Masu Zaman Lokaci a Yankin Lafagu

Lafagu na cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, wadda ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin, kuma Kogin Kwara ya ratsa ta. A yankin, kamar sauran ƙasar Hausa, iyalai da dama kan zauna cikin gida guda, kowa da sashensa, amma zaure da rijiya da katanga na kowa ne. Sai dai ba duk mai ɗaki ne ke kwana a gidan shekara zagaye ba.

Asalin Tsarin

Saukar da baƙo tsohuwar al'ada ce a nan. Garin Illo yana kan hanyar da fataken goro suka riƙa bi zuwa Gwanja. A wancan zamani, falke kan sauka wurin fatoma, wanda zai ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, sannan ya karɓi la'ada.

Masu Zaman Lokaci

Sun kasu kashi uku:

1. 'Yan gida da aiki ko karatu ya kai Birnin Kebbi ko wani gari, waɗanda ke rufe ɗakinsu sai da sallah ko biki.
2. 'Yan gida masu tafiya ci-rani bayan kaka, su dawo da faɗuwar damina.
3. Baƙi masu kama haya na 'yan watanni, kamar masunta, manoman rani da 'yan kasuwa.

Inda Saɓani Ke Tasowa

Galibi rigima kan taso ne a kan gyara da kuɗin haya. Kafin damina akwai yaɓe da yasar rijiya da gyaran magudanar ruwa, kuma wanda ba ya nan yakan ga bai kamata ya biya ba, alhali ɗakinsa in ya rushe, yana iya jan na maƙwabcinsa. Haka kuma, wani kan ba da hayar ɗakin ɗan'uwansa ba da saninsa ba.

Abin da Doka ta Tanada

A shari'ar Musulunci, nisan magaji ba ya zubar da rabonsa. Idan kuma ɗaya ya sayar wa bare rabonsa a gidan da ba a raba ba, abokan tarayyarsa na da haƙƙin shufa'a, wato su karɓe shi a kan farashin da aka sayar. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da izinin mallaka na gargajiya a filayen karkara. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 kuwa ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar zaman kwana 90 ba tare da biza ba, muddin yana da takardun tafiya.

Shawara ga Jama'a

Ya kamata a rubuta kuɗin haya da wa'adinta a gaban shaidu biyu. Mai tafiya ya naɗa wakili, ya kuma bar kasonsa na gyara. Mai gida ya gabatar da kowane baƙo ga mai unguwa, musamman kasancewar yankin a bakin iyaka. Idan saɓani ya gagari dattawan gida, sai a kai shi gaban dagaci ko hakimi kafin a je kotu.