Daga Yanka Zuwa Ba da Labari: Tarihin Idin Ƙetarewa na Yahudawa

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta dubi yadda Idin Ƙetarewa, wanda Yahudawa ke kira Fesa, ya sauya kama a tarihi, da kuma rawar da harshe ya taka wajen raya shi.

2.0 Asalin Idin

Idin yana farawa ne ranar 15 ga watan Nisan, domin tunawa da fitar Bani Isra'ila daga Masar ƙarƙashin jagorancin Annabi Musa, kamar yadda Littafin Fitowa na Attaura ya bayyana. A zamanin da, mahajjata kan taru a birnin Ƙudus, su yanka 'yan raguna a Haikali ranar jajibiri, su gasa, su ci da dare tare da gurasa marar yisti da ganyaye masu ɗaci.

3.0 Bayan Rushewar Haikali

A shekara ta 70 Miladiyya, rundunar Rumawa ƙarƙashin Titus ta rushe Haikalin, sai yanka ya tsaya. Maimakon idin ya mutu, malamai suka mayar da shi cikin gida. Littafin Mishna, wanda aka harhaɗa wajen shekara ta 200, ya tsara yadda daren zai gudana: kofuna huɗu na ruwan inabi, sannan ɗa ya yi tambaya, uba ya amsa gwargwadon fahimtar yaron, ya fara da labarin ƙasƙanci ya ƙare da yabo.

Daga nan aka sami Haggada, littafin da ake karantawa a bakin akushi. Sunan ya fito ne daga saiwar Ibrananci mai ma'anar "faɗa", kuma galibin matanin da Ibrananci yake, wasu sassa da Aramiyanci. Ke nan magana ce ta gaji yanka.

4.0 Darasi

Bahaushe kan ce, wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. A wannan idi kuwa, tuna bara wajibi ne. Ɗacin ganye yana tuna wa mai ci ɗacin bauta, Attaura kuma ta sha nanata cewa kada a zalunci baƙo, domin su ma sun taɓa zama baƙi a Masar.

5.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a ga cewa al'umma na iya rasa gini da ƙasa, amma muddin yaro yana tambaya, babba yana amsawa da harshen da yaron ke ji, tarihinta ba zai salwanta ba.