Daga Duwatsun Man zuwa Kasuwannin Abijan: Tarihin Dillancin Hausawa a Adjamé da Treichville

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci fataucin Hausawa, abin da ɗalibi kan fara tunawa shi ne ayarin jakuna da madugu da hanyar Gwanja. Sai dai wannan tarihi bai tsaya a Salaga ba. Wannan takarda za ta dubi wani reshe nasa a ƙasar Kwaddibuwa, wato dangantakar da ta ƙullu tsakanin yankin duwatsu na Man, a yammacin ƙasar, da unguwanni biyu na birnin Abijan, Adjamé da Treichville. Manufar ita ce a nuna cewa hajar Bahaushe takan canza daga zamani zuwa zamani, amma tsarin maigida da dillali da amana yana nan.

2.0 Yadda unguwannin suka kafu

Turawan Faransa sun fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Abijan a shekarar 1904. Ta isa Bouaké a 1912, ta kai Wagadugu a 1954, amma ba ta ƙarasa Yamai ba duk da sunan Abijan-Neja da aka laƙaba mata. A 1934 Abijan ta zama hedikwatar mulkin mallaka. Turawa suka zauna a Filato, 'yan ƙasa da baƙi kuma aka bar musu Adjamé ta arewa da Treichville a ƙetaren tafkin Ebrié ta kudu. Da aka haƙa mashigin Vridi a 1950, manyan jiragen ruwa suka samu hanyar shigowa, sai 'yan ci-rani suka yi ta kwararowa.

Cikinsu akwai mutanen Nijar masu yawa, Zabarmawa da Hausawan Adar da Maraɗi da Damagaram. Rayuwar irin waɗannan matasa ce Jean Rouch ya ɗauka a Treichville cikin fim ɗinsa Moi, un noir na 1958, inda Umaru Ganda ya fito. Har a abinci an ga sawunsu: sunan garba, wato dambun rogo da soyayyen kifi da ake ci a ko'ina cikin Abijan, ana danganta shi da 'yan Nijar masu sayar da shi.

3.0 Ƙasar duwatsu goma sha takwas

Man gari ne da duwatsu suka kewaye, shi ya sa ake masa kirari da garin duwatsu goma sha takwas. Akwai dutsen da ake kira Haƙorin Man, mai tsayin mita 881, da Tonkoui mai mita 1,189. Can kan iyaka da Gini da Laberiya kuma akwai Nimba mai mita 1,752, wanda ya fi kowane dutse tsayi a ƙasar. Mazauna yankin su ne al'ummar Dan, waɗanda ake kuma kira Yakuba. Ƙasa ce mai ruwan sama da kurmi, ana noman kofi da shinkafa, ga kuma goro.

Tun kafin zuwan Turawa, goron wannan kurmi a hannun fataken Jula yake, dangin Wangarawan da tarihin Kano ya sani. Su ke kai shi arewa su musanya da gishiri da shanu. Hausawa kuwa goron Asante suka fi nema ta Gwanja. Jirgin ƙasa da mota ne suka karkato da cinikin zuwa gaɓar teku, har garin Anyama da ke kusa da Abijan ya zama babbar matattarar goro, Adjamé kuma ta zama tashar motocin da ke haɗa birnin da sauran ƙasa.

4.0 Daga huhun goro zuwa itace

Bayan samun 'yanci a 1960, kuɗin kofi da koko suka bunƙasa ƙasar, Turawa ma'aikata da 'yan yawon buɗe ido suka yawaita. Man ta zama wurin shaƙatawa. Baƙi kan hau Haƙorin Man da ƙafa, su je mazubar ruwa da ke bayan gari, su ƙetare kadarkon igiyoyin kurmi a kogin Cavally, su kalli rawar dodanni masu tafiya a kan dogayen sanduna. Wanda ya ga rawar kuwa yakan so ya koma gida da fuskar dodo ta sassaƙa.

A nan ne sabuwar haja ta samu. Masanin al'adu Christopher Steiner, a littafinsa African Art in Transit na 1994, ya bayyana yadda Hausawa da Jula da Wolof na Sanagal suka riƙe wannan ciniki. Yaran maigida kan shiga ƙauyuka su saya, a loda a mota zuwa birni, a tara a ɗakunan ajiya na Treichville. Baƙon ɗan kasuwa yakan sauka wurin maigida, shi zai ba shi masauki, ya adana kayansa, ya tsaya masa. Dillali ya nemo mai saye ya karɓi la'ada. Sau da yawa kaya kan fita bashi babu takarda, sai amana. Wannan shi ne tsarin zango na hanyar Gwanja.

Abin lura ga ɗalibin harshe shi ne sunan da 'yan kasuwar suka ba hajar: itace. Su Musulmi ne, abin da wasu ke tsafi da shi ba ya da matsayi wurinsu fiye da na kayan sayarwa. Ke nan abu guda ya samu suna uku: wurin Dan ruhin daji ne, wurin Bature fasaha ce, wurin dillali itace ne. Da tsofaffin sassaƙe-sassaƙe suka yi ƙaranci, masassaƙa suka riƙa yin sababbi ana turara su da hayaƙi don su yi kama da na dā, domin abin da mai saye ke nema ke nan.

5.0 Girgizar da cinikin ya sha

A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. A 1997 gobara ta cinye babbar kasuwar Treichville. Mafi muni shi ne yaƙin da ya ɓarke a Satumban 2002. Kafin ƙarshen Nuwamba 'yan tawaye sun kama Man. Baƙi suka ɗauke ƙafa, hanya ta cika da shingaye, kuma siyasar wariyar ɗan ƙasa da baƙo ta jefa 'yan ci-rani cikin zullumi. Sai bayan rikicin zaɓe ya ƙare a 2011 aka fara farfaɗowa. A shekarar ce Man ta zama hedikwatar Gundumar Duwatsu, daga baya kuma aka kafa mata jami'a.

6.0 Kammalawa

An ga yadda masu hawan dutse a Man da masu ɗakin ajiya a Treichville suke cin abinci a akushi ɗaya, ko da ba su san juna ba. Dillali ne igiyar da ta ɗaure su. Jarinsa ba gona ba ce, ba kuma ma'aikata ba; sanin hanya ne da harsuna da kuma yardar mutane. Irin wannan jari yana jure canjin haja, amma ba ya jure rufewar hanya. Shi ya sa karin maganar nan da ke cewa zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki take da ma'ana ta musamman a bakin ɗan kasuwar Adjamé.