Iska Mai Motsi da Kuɗin Wuta a Ƙasashe Masu Ɗanshi

Ginin ƙasa na Kano da Zariya ya dace da yanayinsa. Bangon tubali mai kauri yakan shanye zafin rana, ya sake shi da dare bayan gari ya huce, shi ya sa ƙaramar taga ta wadatar. A kai wannan dabara Legas ko Fatakwal, sai ta ci tura. A can ɗanshin iska yakan haura kashi 80 cikin ɗari, dare ba ya sanyi sosai, gumi kuma ba ya bushewa. Abin da jiki ke nema shi ne iska mai motsi.

Maxwell Fry da Jane Drew, 'yan Ingila da suka zana gine-ginen Jami'ar Ibadan, sun gane haka. Gine-ginensu dogaye ne sirara, tagogi suna fuskantar juna domin iska ta shiga nan ta fita can. Ɗakin karatun jami'ar kuwa sun kewaye shi da bangon kankare mai huje-huje, yana tare rana, yana barin iska ta ratsa.

Yau benayen gilashi ne ke yayi, waɗanda ba sa zaunuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa irin waɗannan na'urori da fankoki na cin kusan kashi 10 cikin ɗari na lantarkin duniya.

Masu sukar dogaro da buɗaɗɗun tagogi ba su rasa hujja ba. Buɗaɗɗiyar taga tana shigo da sauro da ƙura da hayaƙin janareta, ragar sauro kuma tana rage ƙarfin iska. A unguwar da gidaje suka cunkushe, kamar Nima a Akara, iskar ma ba ta samun hanya. Sai dai wannan hujja ce ta gyara tsari. Jami'ar Ƙasa ta Singafo ta buɗe ginin SDE4 a 2019, inda ake ɗan sanyaya iska kaɗan, fankokin sili su ƙarasa aikin. Lissafin a fili yake: fanka ba ta cika kaiwa wat 100 ba, na'urar sanyaya ɗaki kuwa takan ci kusan wat 1,000.

Najeriya ta fitar da ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine tun 2017, amma tazarar da ake bari tsakanin gida da gida tana hannun hukumomin tsara birane na jihohi, su ne ke sa hannu a kan zane.