Kwabo Hamsin na Shekarar 1978

Har yanzu ina ajiye da tikitin abincin mahaifina na zamanin da yake ɗalibi, wata 'yar takarda da ta yi jawur don tsufa. Da irinta ɗan talaka ke shiga ɗakin cin abinci na jami'a sau uku a rana, ya ci ya ƙoshi, ya koma ɗakin kwanansa.

A 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta ƙara kuɗin abincin yini daga naira ɗaya da kwabo hamsin zuwa naira biyu. Yau ko alewa kwabo hamsin ba zai saya ba, amma ga manomin da ya sayar da buhun gyaɗa don ɗansa ya yi karatu, ƙarin ya yi nauyi. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, ƙarƙashin Segun Okeowo, ta fito a watan Afrilu tana neman a tsige Kanar Ahmadu Ali, kwamishinan ilimi na tarayya. An harbe wani ɗalibi, Akintunde Ojo, a Legas. A Samaru ta Zariya ma sojoji sun kashe ɗalibai, 'ya'yan mutane da aka tura neman ilimi. Aka rufe jami'o'i, aka haramta ƙungiyar, ƙarin kuma bai janyu ba.